Rage wa roka baƙin mai a tsohon injin V8: me ya kamata ka saya?

Tsofaffin injinan V8 na Amurka suna da hali guda. In ka matsa musu wuta, famfo sai ya riƙa tura baƙin mai sama, ya taru a ƙarƙashin murfin bawul bai samu ya gangaro da wuri ba. Metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kansa, can ƙasan injin, ya zauna da ƙishi, salansa ta fara hayaƙi. Maganin shi ne a ƙuntata hanyar da man ke bi zuwa roka, wato ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe, amma kafin ka doshi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ka fara sanin injin da ke hannunka.

Ni dai in Ford FE ne, wato dangin 352 da 390 da aka ƙera daga 1958 zuwa 1976, ba na wuce jet ɗin kafireta na kamfanin Holley, wato ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai rami da fetur ke bi. A wannan injin man roka yana da hanyarsa daban: daga bulok ya ratsa top silinda, ya shiga sandar da rokokin ke jere a kai. Kwance sandar za ka yi, ka zura jet ɗaya a ramin kowane top, ka mayar ka ɗaure. Tafet, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa don ya motsa roka, bai ma san an yi ba, ko da irin wanda ke aiki da matsin mai ne. Rami mai faɗin wajen milimita 2 ya wadatar. In ka ga saman ya bushe, ka zare ka sa mafi faɗi, ba sai an sauke inji ba. Kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Chevrolet 350 daban ne, don mansa ta cikin tafet da fushrod, wato sandar da ke haɗa tafet da roka, yake hawa. Toshen da ake ɗaurawa a bayan bulok, mai rami wajen milimita 1.5, na injin tsere ne mai sandararren tafet, wanda ba ya aiki da matsin mai. Ka sa wa motar gida mai tafet na mai, ka sha ƙaƙas-ƙaƙas. Fushrod mai ƙuntataccen rami kuwa guda 16 za ka saya, sai mai kuɗin ɓatarwa.

Inda na fi jan kunne shi ne kayan da ake ƙerawa a gari a ce maka na waje ne. Wani mai injin tona, wato injin sassaƙa ƙarfe, ya taɓa yanka wa injina toshen tagulla, ya rantse ramin daidai yake. Ashe bai kai rabi ba, ga ɓurɓushin tagulla a ciki bai wanke ba. Da aka buɗe, sifirin ɗin bawul sun yi shuɗi don zafi, sandar roka ta zaizaye har farce na maƙalewa. Man nan shi ke sanyaya sifirin, kuma a zafin Afrilu na Kano, mota tsaye a cunkoson Kurna, dama abin da ke hawa sama kaɗan ne.

Don haka ka tafi da bakin dirili mai lamba a aljihu ka gwada ramin a gaban mai kaya. Lambar da aka buga a jikin jet ba ita ce ainihin faɗinsa ba, balle wanda wani ya riga ya ƙwaƙule. Wanda ya ce maka toshe ɗaya na shiga kowane V8, ka yi masa sallama. Haka bakaniken da ya ce a ƙuntata alhali bai leƙa ramukan da mai ke komawa ƙasa ba. A injin da ya daɗe yana shan jabun mai, sau da yawa daskararren datti ne ya toshe su, kananzir da buroshi kawai suke buƙata.