An yanke wa motata indomi a ƙofar gida

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda ya kira ni daga Jos sai ya sako zancen haibirid, wato mota mai aiki da injin mai da batir tare. Ƙanena cewa ya yi, "Yaya, an ce taka ba ta shan mai, ka taimaka ka turo mana irinta." Na daɗe ban ba shi amsa ba, sai da wannan abu ya same ni.

Prius ce ƙirar 2014, da ita nake aikin kai saƙonni gida-gida a nan Landan. Wanda ya san motar ya san in an tayar da ita ko tari ba ta yi, sai dai fitila ta nuna maka ta shirya. Ran nan bayan asuba na tayar, na ɗan ja baya, injin na kamawa sai ga wata irin ƙara kamar an kunna janareto goma a kasuwar Terminus ta Jos. Maƙwabta suka fara ɗaga labule. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta na haska ƙarƙashinta da waya, sai na ga salansa a yanke gida biyu, yankan zarto fes, wayar lantarki tana reto. Sun ɗauke indomi, wannan tukunyar da ke tace hayaƙi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. A ƙofar gidana, ƙarƙashin fitilar titi, a ƙasar da muke ce wa ƙasar doka! Na kira 'yan sanda, suka ba ni lambar ƙorafi a waya, babu wanda ya tako. Bakanike ne ya fahimtar da ni cewa ɓarayi sun fi farautar indomin haibirid, domin injinta ba kullum yake aiki ba, don haka ƙarafa masu tsada da ke ciki ba sa saurin lalacewa. Jak da zarto kawai suke riƙewa, minti biyu sun gama. Sabo da kuɗin aiki da ƙarfen kariya da aka ɗaura masa sun ci min fam 1,300. Daga aljihu na biya, don in na kai wa inshora, baɗi su fanshe a kaina.

To ga lissafin. A rana nakan yi kilomita wajen 200. Tsohuwar motata lita 16 take sha, wannan kuwa lita 10. Ragin lita 6 kenan a rana, kusan fam 200 a wata. Sauƙin gaskiya ne, ina ganinsa a aljihuna. Amma dare ɗaya ya cinye min ribar wata shida da ɗoriya.

Abin da ya sanyaya min rai shi ne garejin. Da mutumin ya gama, sai ya jona kwamfuta ya buga min takardar lafiyar babban batir, ya nuna min ƙarfin kowane ɓangare. Ya buɗe gefen kujerar baya ya fito da fankar da ke sanyaya batirin, ta cika da ƙura da gashi, ya goge ta a gabana. Bai ce "bari mu canza wannan mu gani" ba. Ina tsaye ina kallonsa sai garejin Farin Gada na Jos ya faɗo min a rai, da benci a inuwa da mai shayi a gefe, har kewa ta kama ni. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. A can, bakaniken da ka amince wa shi zai ce maka indomi na toshe wa mota numfashi, ya cire ya sayar, har ka yi masa godiya. Dillali kuma ya mayar da mita baya ya rantse maka wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita a Turai. Motar da ranta ke cikin batir, ta yaya za ka saye ta ba ka san shekarun wahalarta ba? Ga baƙin mai na gefen titi da muke ɗura wa kowace mota ba tare da duba littafinta ba.

Haibirid a gosulo take nuna kanta. In ka tsaya injin ya mutu, in ka taka birki ta mayar da ƙarfin cikin batir. Direban haya da ke kwana a cunkoson Nyanya da Mararaba zai ga bambanci tun makon farko. A doguwar hanya kuwa injin ne ke jan ta, sauƙin bai kai haka ba, ko da yake ina marmarin ranar da zan gangaro Hawan Kibo da ita in ga batir na cika da kansa. Sanyin Jos ma alheri ne gare ta, zafi ne abokin gabar batir, sai dai ƙurar hunturu za ta riƙa toshe fankar nan.

Ƙanena daga Unguwar Rogo zuwa wurin aiki ya dawo bai fi kilomita 20 ba. Abin da zai rage a rana ko lita ɗaya bai kai ba, ga tsadar saye, ga babban batir da in ya mutu kuɗinsa ba na wasa ba ne. Tawa ma ba ta aikuwa, sitiyarinta a dama yake, mu kuwa a Najeriya tun 1972 muka bar wannan tsarin.

Na ce masa ya riƙe Corollarsa tukuna. In ya nace, kada ya biya ko sisi sai an jona mata kwamfuta a gabansa, kuma shi da kansa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ya ga indomin na nan.