Filogin U-174 da Tagwayen Filogin Ƙananan Jirage: Amsa ga Ɗan'uwa

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo hedfon na hannu daga cikin kayan sojan Amurka, ka tarar da filogi guda ɗaya, gajere mai kauri, mai sassan ƙarfe huɗu, wanda ya ƙi shiga ramukan ƙaramin jirgi Cessna 172 da kake koyon tuƙi da ita. Bisa wannan siffa, abin da ke hannunka U-174 ne, mai kaurin milimita 7.1, wanda ake samu a jiragen soja da jirage masu saukar ungulu.

Cessna kuwa filogi biyu take karɓa: PJ-055 mai kaurin milimita 6.35 na lasifikan kunne, da PJ-068 mai milimita 5.2 na makirufo, wanda aka sirantar da shi da gangan don kada matuƙi ya sanya wannan a ramin wancan. Wayoyin da waɗannan biyu suka raba, su ne U-174 ya tattara a jiki ɗaya.

Sai dai siffar filogi ba ta isa hujja ba, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Hedfon na kamfanin David Clark samfurin H10-76 da H10-13H duk U-174 gare su, in ka ajiye filoginsu gefe da gefe ba za ka bambance ba, amma na farko na soja ne, na biyu na farar hula. Bambancin yana cikin turjiyar lantarki. Makirufon soja irin M-87 om 5 ne (om shi ne ma'aunin turjiya), ba ya buƙatar wuta daga jirgi, kuma siginar da yake fitarwa ƙarama ce ƙwarai. Na farar hula yana jiran intakom, wato na'urar magana ta cikin jirgi, ya ba shi wuta, bolt 8 zuwa 16, kafin ya yi aiki. Haka lasifikan: na soja kusan om 10 ne idan an haɗa biyun, na farar hula kuwa daga om 150 zuwa sama.

Saboda haka adafta mai arha, wadda wayoyi kawai ta sauya, za ta wadatar da H10-13H a cikin Cessna, amma da H10-76 hasumiyar filin jirgi ba za ta ji muryarka ba, kuma yana iya janye sautin malaminka da ke kujerar dama. H10-76 sai akwatin daidaita turjiya, ko a canza makirufo da lasifikan gaba ɗaya. Ni a ganina, idan aka lissafa kuɗin hakan, sau da yawa gara sayen na farar hula kai tsaye.

Kafin ka sayi komai, ari mitar mai gyaran rediyo, ka auna turjiya tsakanin sassan ƙarfen filogin bibbiyu. Idan ka ga kusan om 5 da kusan om 10, na soja ne. Ka kuma auna kaurin filogin, domin na sojan Ingila ya ɗan fi U-174 kauri, ba ya shiga soket ɗinsa.