Butler da Saba Mahmood: titi ko ajin Islamiyya?

Ƙanwata da ke karatu a Samaru, kin tambaya me ya raba Judith Butler da Saba Mahmood, tunda malaminku ya haɗa su a jinga ɗaya. Dukansu sun koyar a jami'ar Berkeley ta Amurka, kuma sun yarda da abu guda: maimaita aiki ne ke gina mutum.

Butler, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa nazarin kuwiya (queer theory, wato nazarin jinsi da sha'awar da suka saɓa wa abin da aka saba), ta ce a littafinta na 1990 zama mace ko namiji a idon jama'a abu ne da ake yi kullum, a tafiya, a sutura, a murya, har ya zama kamar halitta. 'Yanci a wurinta yana ɓullowa ne inda maimaicin ya kuskure, mutum ya kauce wa layi. A 2015 ta kai maganar kan titi: idan mutanen da aka mayar ba komai ba suka taru a fili, kamar a dandalin Tahrir na Alƙahira a 2011, tsayuwarsu kaɗai magana ce ko ba su ɗaga kwali ba. Nan ki tuna Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, jagorar matan NEPU, da aka ɗaure sau 16 a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita.

Mahmood, haifaffiyar Pakistan da ta rasu a 2018, ta zauna da matan da ke karantar da juna a masallatan Alƙahira, ta fitar da littafinta a 2005. Ta ga mata suna koyon kunya kamar yadda ake koyon karatu: a sa hijabi, a kame ido, har zuciya ta biyo baya. Sai ta tambaya, wa ya ce sai an yi tawaye ake zama mai ikon kai? Mace tana iya zaɓar ƙa'ida, ta sha wahalar horar da kanta a kai, wannan ma iko ne.

Ni dai a nan na fi karkata gare ta. Gwaggona a Tudun Wada ba ta taɓa zanga-zanga ba, amma a ajinsu na dare, kan tabarma, tsakanin hadda da adashe, suka haɗa kuɗin maganin wata bazawara, suka kuma tura dattawa wurin mijin wata da ya hana ta zuwa awo. Mai neman siyasa a titi kawai zai wuce ƙofar gidan bai ga komai ba. 'Yan Taru na Nana Asma'u, matan da ke bi ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata, su ma ai haka suka yi aiki.

Sai dai Mahmood ba ta ba ki abin riƙewa sosai ranar da ƙa'idar kanta ce ke cutar da mace, nan kuwa Butler ta fi kaifi. Don jingar, duba tarihin ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WIN (Women in Nigeria) da ta samo asali daga taron da aka yi a ABU a 1982, a nan Samarunku.