Shagon buga takardu kusa da jami'a

Jama'a akwai wani ɗan shago a hanyar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, can na kai gajeren labarina a buga mani a kwamfuta, wallahi malamin da ke shagon ya burge ni. Da ya gama bugawa sai ya ce "ƙanena zauna ka karanta shi da ƙarfi in ji", ina karantawa kunnena na kamo inda na yi ta maimaita "sai" har numfashi ya ɗauke mani, muka soke da jan biro, shafi guda cur ya fita. Ya ce in aje shi sati guda tukun kafin in sake dubawa. Ƙ da ɗ duk yana sa masu ƙugiya, abin da ba kowa ke yi ba. Matsala ɗaya, in wuta ta tafi sai jira.