Yashin Dajin Ocala: Taya Cike ko a Rage Iska?

A dajin Ocala na jihar Florida, Amurka, hanyoyin da suka ratsa bishiyoyin fain yashi ne mai laushi, musamman idan ruwa ya daɗe bai sauka ba. Taya cike da iska, wajen psi 35 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), nitsewa take yi. Direba ya ƙara wuta, ita kuma ta ƙara tona rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Amfaninta ɗaya: saiwa da kututture ba sa saurin yaga gefenta.

In aka rage zuwa 15 ko 20, tayar kan baje ta hau saman yashi, injin ya huta. Ni dai ragewar na fi so. Amma shan kwana da gudu na iya zare ta daga wili, kuma dole a riƙe famfon iska a sake cika ta kafin a hau titi, don taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a kwalta.