Kyanwar da na saya saboda kunne, da yadda muka kwashe da mai kiwon

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa na biya kuɗi na sayi kyanwa shiru ta yi, can ta ce "kai yanzu mage ma sai an saya a Amurkan? zo ka kwashi na gidan nan kyauta, har buhu zan ba ka." Ban ma yarda na faɗa mata nawa ba ne.

'Yata ce ta ja min. Ta ga hoton wata kyanwa a intanet kunnuwanta sun lanƙwashe baya kamar an naɗe su da hannu, ta dame ni safe da yamma Abba ita nake so, Abba ita nake so. American Curl ake ce musu, kuma ba su da yawa, sai da na sha nema kafin na samu wata mata da ke kiwonsu a gidanta, tafiyar awa uku a mota daga inda muke.

Gaskiya ta wajen tsafta ba ni da ta cewa, gida fes, ba ka jin zarnin nan da ke tarbar mutum tun daga ƙofa a wasu gidajen masu kyanwowi. Ta nuna mana uwar da muzurun da ya yi barbarar, ta fito da takardun rigakafi da na likitan dabbobi ba tare da na tambaya ba. Kuma matar ta san kayanta. Ita ta ba mu labarin cewa duk irin nan daga kyanwa ɗaya suka fito, wata baƙa mai dogon gashi marar gida da ta ɓullo ƙofar gidan Joe da Grace Ruga a garin Lakewood na Kalifoniya a 1981, suka ɗauke ta suka sa mata suna Shulamith. Da ta haihu 'ya'ya huɗu, biyu suka zo da irin kunnenta. Wato dai asalinta magen titi ce irin wadda Hajiya ke cewa in zo in kwasa, abin ya ba ni dariya.

Abin da ya fi kwantar min da hankali maganar lafiya ce, don na ji labarin Scottish Fold, masu kunnen da ya kifo gaba, cewa abin da ya naɗe musu kunne shi ke lalata musu guringuntsi da gaɓoɓi har tafiya ta riƙa yi musu wuya. Ta ce wannan daban ne, kuma da na bincika haka ne, wani masanin gadon halitta ɗan Ingila, Roy Robinson, ya bi diddigin 'ya'ya 383 daga haihuwa 81, ya fitar da sakamakon a 1989, bai ga wata nakasa tattare da kunnen ba. Gadon mai rinjaye ne, ko ɗaya daga cikin iyayen ne ke da shi ana iya samun 'ya'ya masu lanƙwasasshen kunne, shi ya sa a haihuwa ɗaya za ka ga wasu kunne a naɗe wasu a miƙe.

To ga inda muka samu matsala. Su 'ya'yan da miƙaƙƙen kunne ake haihuwarsu, cikin 'yan kwanaki ya fara naɗewa, daga nan ya yi ta sauyawa yana saki a hankali, ba ya tsayawa sai wajen wata huɗu. Mu kuma mun je suna 'yan makonni, 'yata ta nuna wadda kunnenta ya fi naɗewa tam, na ajiye kafin alƙalami wanda ba a mayarwa. Matar ta san sarai kunnen bai gama zama ba amma ba ta ja kunnena ba, haka kawai ta karɓi kuɗin tana murmushi. Da muka koma ɗauka kunnen ya saki, ya ɗan karkata baya ne kawai, alhali masu gasar kyanwowi suna son lanƙwasar ta kai digiri 90 zuwa 180 ba tare da bakin kunnen ya taɓa ƙeya ba. Da na yi magana sai ta ce ai yana cikin takardar yarjejeniya, kuma eh yana ciki, a shafi na uku da ƙananan rubutu. Ko sisi ba ta rage ba. Ni ba gasa zan kai ta ba, amma kunnen na biya wa kuɗi ai, in ba shi ba me ya raba ta da magen unguwa?

Sannan amsa saƙo sai ta ga dama, kafin in biya cikin minti biyar take amsawa, bayan na biya sai a kwana uku. Ba ta kuma nuna min yadda ake goge kunnen ba, sai likita ne ya ce suna tara dauɗa a ciki don a buɗe yake, a riƙa dubawa ana sharewa da auduga a hankali, kuma kar yara su ja shi ko su ce za su miƙar da shi. Ka taɓa gindin kunnen ka ji, tauri gare shi kamar na mutum, in aka matsa guringuntsin zai iya karyewa.

Ita kanta kyanwar kam alhamdulillah. Ba ta da girma sosai, gashi sul-sul mai laushi ba ya yawan cukurkuɗewa, ba ta da yawan kuka, amma wasa kamar ba za ta girma ba, duk inda ka sa ƙafa tana biye da kai, in na shimfiɗa darduma kuwa ta riga ni hawa. In za ka saya wajen matar nan ka saya, dabbobinta lafiyayyu ne, sai dai kar ka ajiye ko dala ɗaya a kan kunnen jaririya, ka bari ta cika wata huɗu ka gani da idonka tukuna. Hajiya ta gan ta a bidiyo jiya, ta kalla ta kalla ta ce "to ina kunnen da ake ta magana?"