Wata takwas da aikin leza a idona: gani ya dawo, amma hunturu ya ba ni wuya

Tun ina aji biyu a sakandare tabarau ya zauna min a fuska. Malamin lissafi ya rubuta 8 a allo na karanta 3, aji ya kwashe da dariya, satin nan Baba ya kai ni Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando aka gwada ni. Daga baya lambar gilashina ta tsaya a -4.50 a dama, -4.00 a hagu. In na cire shi, duk abin da ya wuce taƙi ɗaya daga hancina sai ya zama kamar hoton da ruwa ya jiƙa. Ko takalmina a ƙofar gidan biki ba na iya ganewa.

Bara na yanke shawarar yin LASIK, wato aikin gyara gani da hasken leza. Umma ta ce, "Ke yanzu ido lafiyayye za ki kai a ƙona miki?" Na ce mata ai ba sabon abu ba ne, tun 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Ta ce ita ba a Amurka ta haife ni ba. Duk da haka ta sa albarka. A wani asibitin kuɗi a Abuja na yi, jirgin ƙasa nake hawa daga Rigasa. Kuɗin kuwa, kwasar adashi biyu ya cinye, maigida ya cika sauran.

Zuwan farko gwaji ne kawai, kusan awa uku, kuma a ganina nan ne kuɗin ya fi halatta. Likitan ya ce ƙwayar idona ta ɗan fi tsawo, shi ya sa haske ke haɗuwa kafin ya kai bayan ido. Abin da leza ke yi shi ne ta kankare tsakiyar koniya, wato tantanin nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, ta rage masa tudu. Kaurinsa duka bai fi rabin milimita da ɗan kai ba, don haka sai an auna an ga akwai abin da za a kankara a bar saura. Ya tambaye ni ko lambata ta canja a shekara ɗaya da ta wuce, ko ina da ciki ko goyo (sai da na yaye auta na je), da kuma ko ina yawan murza ido. Wani saurayi da muka zauna layi tare an sallame shi, aka ce koniyarsa ta yi siriri kuma ta fara tsini, in aka taɓa ta lalacewa za ta yi. Ya fita yana ɓacin rai, ni kuwa a nan hankalina ya kwanta da wurin, tunda ga kuɗi sun gani sun ƙi karɓa.

Ranar aikin babu allura, ɗigo ne ake zubawa ido ya mutu. Aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kada in ƙifta, sannan wani zobe ya danne ƙwayar, gani ya ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu. Nan na fara salati da ƙarfi, ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannuna tana cewa, "Yi haƙuri Hajiya, yanzu zai dawo." Ya dawo ɗin. Suka yanki siririn tantani daga saman koniyar suka ɗaga shi kamar bangon littafi, aka ce in kafa ido a kan wani ɗigon haske. Na'ura ta fara tik-tik-tik, sai ga wani ƙauri kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah. Ko minti ɗaya ba ta yi ba a kowane ido. Suka mayar da tantanin ba ɗinki, cikin minti ashirin na fito.

Awa huɗu na gaba kamar an watsa min yaji, hawaye har wuya. Na kwanta a gidan yayata da murfin roba a ido. Da asuba na buɗe, sai ga agogon bango, har ƙaramin hannun daƙiƙa ina gani yana tafiya. Na leƙa taga na ga ganyen mangwaro ɗaya-ɗaya. Kuka na so yi, na tuna an hana ni goge ido.

To ga inda nake da ƙorafi. A ƙarshen Nuwamba aka yi min aikin, na dawo Kaduna daidai lokacin da hunturu ya buɗe. Yankan tantanin nan yana katse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa ya bushe, sai hawaye ya ragu har sai sun warke, wanda kan ɗauki wata uku zuwa shida. An faɗa min za a yi bushewa, amma ba wanda ya tambaye ni inda zan koma, balle ya ce in jira damina. Takardar umarnin da suka ba ni ta yi maganar wurin ninƙaya, ba ta ce komai a kan ƙura ba. Ni kuwa malamar makaranta ce, ga alli, ga Keke Napep kullum daga Tudun Wada zuwa Unguwar Rimi. Kafin azahar idona kamar an zuba yashi, rubutun allo ya riƙa rawa sai na ƙifta sau uku. Ɗigon hawayen roba kusan duk bayan awa biyu nake zubawa, kuma kuɗinsa ba ya cikin lissafin da aka yi min. Haka kuɗin jirgi na komawa asibitin a duba ni, bayan sati, bayan wata, bayan wata uku.

Da dare kuma fitilun motoci a gadar Kawo sai su yi rawani, kowace da zobenta. Wata biyu ban yarda na tuƙa mota bayan magariba ba. Yanzu ya ragu sosai, bai dai tafi duka ba.

Satin farko alwala sai da lallaɓawa, ido a rufe, ba murzawa. Kwalli kuwa sai da na yi wata guda ban sa ba, Umma ta ce ido fari fat kamar wadda ta tashi daga jinya. Da ruwan farko ya sauka bushewar ta yi sauƙi, yanzu ɗigo sau ɗaya ne kafin barci, wata rana ma in manta.

Abu biyu likitan ya faɗa min da ba a sa su a talla. In na haura arba'in zan buƙaci gilashin karatu kamar kowa, don wannan tsufan ido ne daga ciki, leza ba ta hana shi. Na biyun ya fi damuna saboda Baba yana fama da hawan jinin ido: koniyar da aka kankare takan sa na'urar auna hawan jinin ido ta nuna lamba ƙasa da ta gaskiya. Don haka duk likitan idon da zai duba ni sai na gaya masa an yi min LASIK, kuma in adana takardar awon da aka yi kafin aiki, za a neme ta in yanar ido ta zo da tsufa. Tana cikin jakar da nake ajiye takardun haihuwar yara.

Da za a mayar da ni baya zan sake yi, amma a watan Yuni. Ƙanwata ta fara tambayar kuɗin, na ce ta je gwaji tukuna, ita da ke murza ido tun tana ƙarama. Tsohon tabarauna yana nan cikin durowa, kuma har yau in ina rubutu a allo sai in ji yatsana ya tafi kan hanci zai gyara shi.